Takardar hutun rashin lafiya daga likitan nesa: bidiyo, waya, fom, ko dai a daure a je asibiti?

Tun ƙarfe biyun dare kake zarya tsakanin gado da ban-ɗaki. Amai ya lafa, gudawa ta karɓa. Gari na wayewa ƙafafunka na rawa, bakinka ya bushe ƙamas, ga shi ƙarfe takwas ake sa ran ganinka a wurin aiki. Ka lallaɓa ka aika wa shugabanka saƙo, amsa ta dawo a taƙaice: "Allah ya ƙara sauƙi. Ka turo mana takardar likita." Nan hankalinka zai tashi, domin wanda ba ya iya minti goma bai koma ban-ɗaki ba, ina shi ina zaman layi a asibiti?

A irin wannan safiya ce mutum ke jawo waya ya shiga nema. Abin da zai tarar hanyoyi huɗu ne, duk da masu talla suna cuɗa uku daga ciki kamar abu ɗaya. Akwai ganin likita ta kiran bidiyo. Akwai magana da shi ta waya, murya kawai. Akwai shafukan intanet da za su ba ka fom ka cike, ka biya, takarda ta iso ba ka yi magana da kowa ba. Sai kuma tsohuwar hanya, ka kai kanka gaban likita. Ko wacce ka bi, takarda za ka samu mai tambari da sa hannu. Amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma bambancin ba ya fitowa fili sai ranar da wani ya yi shakkarka. A ranar, tambayar da wurin aiki ko makaranta ko kamfanin inshora ko kotu za su yi guda ɗaya ce: shin likita mai lasisi ya duba mutumin nan har ya gamsu ba zai iya aiki ba? Da wannan tambaya zan auna kowace hanya.

Kafin nan, akwai abin da mutane da yawa ke tsallakewa suna kashe kuɗi a banza. Ba kowane ciwo ne ke buƙatar takarda ba. A Birtaniya, idan rashin lafiya bai wuce kwana 7 ba, har da ranakun hutu, ma'aikaci shi ke shaida wa kansa, ya cike fom idan ya dawo, ba sai da likita ba. A Jamus doka ta ce idan ciwon ya haura kwana 3 na kalanda sai a samu shaidar likita zuwa ranar aiki ta gaba, sai dai ta ba wanda ya ɗauke ka aiki damar nema tun ranar farko in ya ga dama. A Afirka ta Kudu, ana iya riƙe albashin ranakun idan ka yi fashin fiye da kwana 2 a jere, ko fiye da sau 2 cikin mako 8, aka nemi takarda ba ka kawo ba. A Ostareliya kuwa dokar ƙwadago ta 2009 cewa ta yi a kawo shaidar da za ta gamsar da mai hankali, kuma rubutacciyar rantsuwa tana iya wadatarwa. Ka ga kowace ƙasa da nata ma'auni, kowane wurin aiki kuma da abin da ya rubuta a yarjejeniyar ɗaukarka. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, saboda haka karanta takardar ɗaukar aikinka yau da kake da lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in fara da bidiyo, domin a kansa maganar ta fi yawa, kuma shi ne hanyar nesa da na fi amincewa da ita.

Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka hira ce kawai. Likitan kirki ba ya barin ta haka. Zai nemi katin shaidarka ka ɗaga shi gaban kyamara. Zai tambayi yaushe abin ya fara, sau nawa ka zagaya, ko akwai jini, ko kana iya riƙe ruwa a cikinka, yaushe rabonka da fitsari, wane magani kake sha dama can. Sai ka jingina wayar da kofi a kan tebur ya ce, "Malam, matso kusa da taga. Buɗe baki, haska min maƙogwaron da tocila. Yanzu kwanta, danna nan ƙasan cibiya ta hannun dama, ka saki da sauri. Ya yi zafi?" Yana kallon yadda fuskarka ta yamutse ko ba ta yamutse ba, yana lura da numfashinka, da ko kana iya kai jimla ƙarshe ba ka tsaya shan iska ba. In kana da ma'aunin zafin jiki ko na'urar awon hawan jini, zai sa ka auna ka nuna masa lambar. Wannan duba ne, ko da bai kai na hannu da hannu ba. Gani ya kori ji, kuma abin da likita ya gani zai rubuta shi a fayil ɗinka, ranar da aka kira shi tabbatarwa yana da abin faɗa.

Shi ya sa hukumomi suka karɓi bidiyo, amma suka ɗaure shi da gajeriyar igiya. Jamus ta fi kowa fayyace lissafin. Tun 2020 aka yarda likita ya ba majinyacin da asibitinsa ya sani hutu ta bidiyo har kwana 7. A farkon 2022 aka buɗe ƙofa ga wanda ba a sani ba, amma shi kwana 3 kacal zai samu. Ƙarin hutu ta bidiyo kuma sai in takardar farko ta fito ne bayan an gan ka ido da ido. Faransa ta bi sahu a watan Fabrairun 2024: hutun da aka rubuta daga nesa ba zai wuce kwana 3 ba, sai fa in likitanka na dindindin ne ya rubuta, ko kuma ka kasa samun wanda zai gan ka a zahiri don sabuntawa. A Amurka, ma'aikatar ƙwadago ta sanar a ƙarshen 2020 cewa ganin likita daga nesa yana iya zama daidai da zuwa asibiti a ƙarƙashin dokar hutun iyali da jinya ta 1993, da sharaɗin a yi ainihin duba, dokar lasisin jihar ta yarda, kuma galibi ya zama ta bidiyo.

Dubi lambobin Jamus ɗin nan da kyau, kwana 7 ga wanda aka sani, 3 ga baƙo. Darasin da ke ciki ya shafi kowa ko a ina yake. Bidiyo da likitanka wanda ya san tarihinka abu ne daban, bidiyo da likitan manhaja wanda bai taɓa jin sunanka ba sai yau shi ma daban. Na farkon ya san kana fama da ciwon ɓarin kai shekara biyar, ya san yadda yake kayar da kai, maganarka ta minti biyar ta ishe shi. Na biyun yana da sauri, sau da yawa kana samunsa da dare ko ranar hutu lokacin da asibitinka ke rufe, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma zai yi taka-tsantsan, zai ba ka kwanaki kaɗan, wani lokaci ma ya ce ba zai rubuta ba sai an taɓa ka. Idan ya faɗi haka kada ka ji haushi. Likitan da yake iya cewa a'a, shi ne wanda "e" ɗinsa ke da daraja a idon ofishinku.

Inda bidiyo ke gazawa a fili yake. Kyamara ba ta jin ƙarar huhu, ba ta latsa ciki, ba ta leƙa cikin kunne, ba ta ɗibar jini. Zazzaɓin da ya ƙi sauka yana son gwaji, musamman ga wanda ke zaune ko ya dawo daga inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro. Sannan ga matsalar sadarwa. In hoto na yankewa, murya na sarƙewa, likita bai ga abin da zai dogara da shi ba, yana da haƙƙin ya dakatar da zaman.

Kiran waya ƙanin bidiyo ne, kuma raunin da ke gare shi shi ne likita ba ya ganin komai, maganarka da muryarka kaɗai yake da su. Saboda haka ƙarfinsa duka yana rataye ne a kan sanayya. A Jamus an fara ba da hutu ta waya lokacin annobar korona don rage cunkoso a asibitoci, daga baya a watan Disambar 2023 aka mayar da shi tsari na dindindin: kwana 5 ne iyaka, ga wanda asibitin ya sani, a ciwo marar tsanani, kuma idan bidiyo bai yiwu ba. A Birtaniya ma likita yana iya rubuta takardar bayan magana ta waya in ya ga hakan ya isa. Idan likitanka ne, mura ce ta kwantar da kai, intanet kuma ya ƙi, waya hanya ce mai kyau. Baƙon likita ta waya kuwa, a ganina, takardarsa tana tsaye ne da ƙafa ɗaya.

Yanzu ga wadda ta sa na zauna rubuta wannan.

Wata abokiyar aikina tana da ciwon ɓarin kai na gaske, irin wanda haske kaɗai ke sa ta amai. Wata safiya ya taso mata, ta kasa ko kallon fuskar waya sosai, ta faɗa wani shafi mai cewa takarda cikin minti goma, ba kira, ba jira. Ta zaɓi ciwonta daga jerin da aka ba ta, ta zaɓi kwana biyu da kanta, ta biya. Takarda ta iso da tambari mai kyau da sunan likita. Bayan ta dawo, jami'ar kula da ma'aikata ta kira ta, ta rufe ƙofa, ta juyo mata da kwamfuta. "Malama, na nemi sunan nan a rajistar likitoci ban same shi ba. Na kira lambar da ke jiki ba ta shiga. Kin yi magana da shi kuwa?" Ta ce a'a. Ba a biya ta kwanakin ba, aka kuma saka takardar gargaɗi a fayil ɗinta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne daga ranar duk lokacin da ta ce ba ta da lafiya, sai ta ga ana kallonta da wutsiyar ido. Ciwonta gaskiya ne, takardar ce ta mayar da ita kamar maƙaryaciya. Da ta kira ofis ta ce ta kasa samun likita yau, za ta kawo gobe, da abin bai kai haka ba.

Irin waɗannan shafuka sun fi kowace hanya sauri, kuma tarkonsu ke nan. Matsalar a gindin tsarin take. Kai ka faɗi ciwon, kai ka yanke kwanakin, babu wanda ya yi maka tambaya ta biyu. To me likitan ya shaida? Ya shaida cewa ka cike fom. Wata kotun ƙwadago a Balin, babban birnin Jamus, ta yanke hukunci a 2021 cewa takardar da aka samu ta intanet ba tare da wata magana tsakanin likita da majinyaci ba, ba ta isa hujjar rashin lafiya ba. Hukumar likitocin Ostareliya, a ƙa'idojin da ta fara aiki da su a watan Satumbar 2023, ta ce kula da majinyacin da likita bai taɓa magana da shi kai tsaye ba, bisa amsoshin fom kawai, ba aiki ne mai kyau ba kuma ba ta goyon bayansa. Wasu shafukan suna da likita na gaske, sai dai lasisinsa na wata ƙasa ce, alhali abin da ake dubawa yawanci shi ne izinin aiki a inda majinyaci yake. A Amurka ma jiha-jiha ake ba da lasisin. Wasu kuwa sunan ƙirƙira ne ɗungurungum, kuma miƙa irin wannan takarda yana iya wuce batun yanke albashi ya kai ga kora, a wasu wuraren har da tuhumar zamba. Garin neman gira an rasa ido.

Ga wata asara da ba a cika lissafawa ba. Ka ba mutanen da ba ka sani ba cikakken sunanka, ranar haihuwarka, wurin aikinka, ciwonka da lambar katin bankinka. Ba ka san inda suke ajiye su ba, ba ka san wa za su sayar wa ba.

Gane su ba wuya. Shafin da ya yi maka alkawarin takarda tabbas tun kafin a ji ciwonka, ko ya ce in ba a ba ka ba kuɗinka zai dawo, takarda yake sayarwa. Haka wanda ya bar ka ka zaɓi kwanaki kamar mai zaɓen kaya, ko ya yarda ya mayar maka da kwanan wata baya yadda kake so, ko ya ɓoye sunan likita da adireshin asibiti har sai ka biya. Mayar da kwanan wata baya abu ne da likitocin gaskiya ke ɗari-ɗari da shi. A Jamus ba a yin sa sai da dalili mai ƙarfi, kuma galibi ba ya wuce kwana 3. In kana son tabbaci, ɗauki sunan likitan ka neme shi a rajistar hukumar likitocin ƙasarku. Ƙasashe da yawa suna da ita a buɗe a intanet, kuma shi ne abin da ofishinku zai fara yi.

Zuwa asibiti ba ya buƙatar dogon yabo, kowa ya san shi. Yana cin lokaci da kuɗin mota, yana wahalar da marar ƙarfi, kuma mai mura yana iya rarraba ta ga tsofaffi da jarirai a wurin jira. Amma takardarsa ita ce mafi wuyar musantawa, kuma akwai yanayin da babu zaɓi sai shi. Hutun da zai wuce 'yan kwanaki, ƙarin hutu bayan na farko, rauni a wurin aiki da za a nemi diyya a kansa, fashin babbar jarrabawa, ko kuma idan dama akwai tsamin dangantaka tsakaninka da wurin aiki, duk waɗannan ka je a gan ka. Akwai kuma alamomin da idan suka bayyana maganar takarda ta ƙare gaba ɗaya: ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi, amai ko bahaya da jini, ciwon ciki mai ƙaruwa, zubar jini ga mai juna biyu, ruɗewa, ko tunanin halaka kai. Wannan na sashen gaggawa ne, yanzu-yanzu. Ina faɗar haka da ƙarfi domin na ga yadda tsoron ofis ke sa mutum ya manta cewa jikinsa ne ke neman ceto, ya tsaya neman takarda.

Ciwon damuwa da gajiyar zuciya yana da nasa matsayi a nan. Shi ne inda bidiyo ya fi kusa da zuwa asibiti, tunda magana da kallon yanayin mutum su ne rabin aikin, kuma mutane da yawa sun fi sakin jiki a ɗakinsu. Sai dai irin wannan ciwo ba kasafai yake warkewa a kwana uku ba. Yana son likita ɗaya mai bin ka mako bayan mako, wanda takardarsa ta biyu za ta ɗora a kan ta farko. Tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan, kowane mako da sabon suna a takarda, yana jawo zargi ko da kana da gaskiya, kuma yana hana ka samun jinyar da ta dace.

Ko ta wace hanya ta zo, karanta takardar kafin ka tura. Ta ƙunshi sunanka daidai da yadda yake a wurin aiki, ranar da aka duba ka, ranar farawa da ranar ƙarewar hutun, sunan likita da lambar rajistarsa, adireshi da lambar da za a kira a tabbatar. Idan ta bidiyo aka yi kuma takardar ta faɗi haka, wannan gaskiya ce mai kare ka, kada ka nemi a goge. Sunan ciwon kuwa a wurare da yawa ba dole ne wurin aiki ya gani ba. A Jamus wanda ya ɗauke ka aiki ba ya ganin cutar, kwanakin kawai yake gani, kuma tun Janairun 2023 shi ke janyo bayanin ta kwamfuta daga asusun inshorar lafiyar ma'aikacin da ke ƙarƙashin inshorar gwamnati. Wannan ya sa takardar da ta zo daga wajen tsarin take saurin jawo ido. A Birtaniya takardar hukuma tana ɗauke da dalilin hutun, tun 2022 ba ta buƙatar sa hannu da biro, kuma a shekarar aka ƙara wa ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da masu gashin ƙashi izinin rubuta ta. Takardar likita mai zaman kansa a can ba ita ce ta hukuma ba, don haka a tambayi ofis ko suna karɓa kafin a biya. Lokaci ma yana da muhimmanci: a Faransa awa 48 ake ba ka ka isar da takardar. Sanar da wurin aiki kuwa ba ya jiran takarda, tun da safe ake yin sa.

In ni ne a waccan safiya ta amai da gudawa, ga yadda zan yi. Zan fara sanar da ofis, in tambaye su kai tsaye ko suna karɓar takardar ganin likita ta bidiyo, in bar amsar a rubuce cikin wayata. Zan kira asibitin da na saba in nemi bidiyo, in bai samu ba in karɓi waya. Idan a rufe suke, sai in nemi manhajar da ke da likitoci masu lasisin ƙasar da nake, wadda za ta haɗa ni da mutum mu yi magana fuska da fuska, in karɓi kwana biyu ko ukun da ya ga ya dace ba tare da ciniki ba. Zan ajiye rasit da saƙon da ke nuna lokacin zaman. Shafin fom ba zan taɓa shi ba ko da kyauta ne. Idan kuma kwana biyu suka wuce ruwa bai fara zama a cikina ba, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri ya hana ni tsayuwa, zan kira wanda zai kai ni asibiti a ranar, takardar ta biyo baya.